Da Wace Tiya Ake Auna Mai Horar Da Yara?

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da ma'auninta. Manomi, damman da ya ɗaure ake ƙirgawa. Tela, rigar da ta fito daga kekensa ake dubawa. Ɗan kasuwa kuwa lissafin ƙarshen shekara ne ke faɗin gaskiyarsa, ko ya so ko bai so ba. Ɗan kokowa ma ba ya neman mai ba shi shaida, domin kuwa tun daga 1975, shekarar da Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama zakaran ƙasa na farko a Tawa, hukuncin fage bai sauya ba: wanda aka kai ƙasa ya faɗi. To amma akwai wani ma'aikaci da muke gani da yammaci a harabar makarantunmu, da usur a wuya, yara goma sha biyar ko ashirin suna bin ƙwallo ɗaya a gabansa, wanda har yanzu ba mu daidaita a kan tiyar da za mu auna aikinsa da ita ba. Shi ne mai horar da yara ƙwallon kwando, wasan da samarinmu suka fi sani da basket.

Wannan tambaya ta shafi duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo da alli a hannu. Idan aka ce wane malamin kirki ne, me ake nufi? Yawan waɗanda suka ci jarrabawa a hannunsa, ko ɗalibi guda da ya zama minista, ko kuwa wani abu dabam da ba ya shiga rajista? Na zaɓi in bi tambayar ta filin wasa saboda a can komi a fili yake: akwai maki, akwai agogo, akwai mai ci da wanda aka ci. Don haka ruɗin da ma'auni ke jawowa ya fi saurin bayyana a can bisa ga cikin aji.

Wasan da malami ya ƙirƙiro

Ya kamata mu fara tuna cewa ƙwallon kwando ɗan makaranta ne tun ran haihuwarsa. A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na Amurka, aka damƙa wa wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, aji mai ɗalibai 18 waɗanda sanyin hunturu ya tsare cikin ɗaki har suka fara gagarar malamansu. Sai ya rataya kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace a bisa, ya rubuta dokoki 13, ya raba ajin gida biyu. Tsawon da ya rataya kwandunan, mita 3 da santimita 5, shi ne ake bi har gobe. Ya hana gudu da ƙwallo a hannu domin kada a riƙa kai wa juna cafka, ya ɗaga wurin saka ƙwallo sama domin dabara ta fi ƙarfi amfani. Ke nan matsalar tarbiyya ce ta haifi wasan, kofi daga baya ya zo.

Abin mamaki, wannan malami da ya ƙirƙiro wasan, da ya koma Jami'ar Kansas a 1898 ya riƙe ƙungiyarta, wasa 55 ya ci, aka ci shi 60. A tarihin wannan jami'a shi kaɗai ne mai horarwar da faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Da a ce da tiyar nasara kaɗai ake awo, da sai mu ce uban wasan ne ya fi kowa rashin iya shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya sake duba tiyar.

Baƙon Samaru

Misalin da ya fi kusa da mu yana Zariya, wadda matafiyi daga Maraɗi ke kaiwa cikin wuni guda ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. A can ne wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda mutanen gari suka taƙaita sunansa zuwa OBJ, ya shafe shekaru fiye da arba'in yana koyar da ƙwallon kwando a filayen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ya baro ƙasar da wasan ke da kuɗi da suna, ya zauna inda ƙwallon ƙafa ya cinye hankalin kowa, ya buɗe filinsa ga ɗaliban jami'a da ƙananan yaran da ke zuwa daga gidajen ma'aikata da unguwannin kewaye.

Cikin waɗannan yara akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa likita ƴar Kenya. Yana da shekara 13 ya fara kama ƙwallon kwando. Daga baya ya tafi Amurka karatu, ya yi wasa ƴan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, ya ajiye wasa a 2002. A 2010 ya zama manajan ƙungiyar Denver, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a gasar NBA. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto da yake shugabanta ta ɗauki kofin gasar, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka. Ya bar Toronto a 2025. A duk tsawon wannan tafiya bai daina ambaton sunan malaminsa na Samaru ba.

To, mai karatu, a nan ne gizo ke saƙa. Duniya ta san sunan Johnson ne saboda Ujiri. Da Ujiri bai ɗaukaka ba, da wane ne zai ba mu labarin shekarun da mutumin ya yi a rana yana gyara wa yara tsayuwar ƙafa? Kuma shin rashin labarin zai rage wa aikin daraja ko da ƙwayar gero?

Tiyar kofi

Ma'aunin farko da mutane ke ɗaukowa shi ne nasara: wasa nawa ya ci, kofi nawa ya kawo. Ba zan raina wannan ma'auni ba, domin wasan da ba a son ci a cikinsa ya zama wasan banza, kuma yaro yana koyon himma ne idan ya san akwai abin da ake nema. Illarsa ita ce, idan ya zama shi kaɗai ne abin dubawa, yana koya wa mai horarwa hanyoyin da suka fi gajarta, su kuwa hanyoyin nan kusan dukkansu ta kan yaro suke bi.

Ta farko ita ce rage shekaru. A ƙasarmu, inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa sai wadda kotu ke bayarwa daga baya, abu ne mai sauƙi a mai da ɗan shekara 19 ɗan 15. Ba mu manta ba, a 2009, a gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya, an fitar da ƙungiyar Nijar bayan ta cancanci wasan kusa da na ƙarshe, a kan batun shekarun ɗan wasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ko da ba a kama ba, ɓarna ta riga ta auku har gida uku: an ƙwace wa ɗan shekara 15 na gaskiya gurbinsa, an zalunci abokan karawa, sannan an koya wa yara goma sha biyu a lokaci guda cewa babba yana yin ƙarya idan ƙaryar za ta biya.

Hanya ta biyu ba ta da hayaniya, shi ya sa ba a cika lura da ita ba. Ƙungiya tana rubuta ƴan wasa 12, biyar ne ke cikin fili. Dokar wasan ba ta ƙayyade yawan canji ba, ana iya fitar da yaro a sake mayar da shi sau nawa aka so cikin minti 40. Saboda haka mai horarwar da ya bar yaro a kan benci tun daga farkon shekara har ƙarshenta ba shi da wata doka da zai fake da ita. Zaɓi ne ya yi. Ya fifita maki biyu a kan yaron da ya zo horo kullum bai taɓa fashi ba. Tiyar kofi ba ta ganin wannan yaro, alhali kuwa shi ne ya fi kowa buƙatar malami.

Tiyar tauraro

Ma'auni na biyu ya fi na farko kwarjini: wane ne ya fito daga hannunsa? Shi ne wanda muke auna Johnson da shi ba tare da mun lura ba. Bari mu yi lissafi. Gasar NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace da ƴan wasa wajen 15, wato gurabe kamar 450 ga duniya baki ɗaya, kuma sababbi 60 ake zaɓe a zaɓen kowace shekara. Gasar BAL ta Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, ta buɗe wata ƙofa, amma ita ma ƙungiyoyi 12 ta fara da su ga nahiya sukutum. Bugu da ƙari, babban rabo a wannan fage tsawo ne, shi kuwa tsawo ba a koyar da shi. Hakeem Olajuwon na Legas, wanda ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995 da ƙungiyar Houston, sai da ya kai shekara 15 ya fara wasan, bayan ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu. Ya yi aiki tuƙuru, malamai sun taimake shi, amma babu malamin da ya ba shi tsawon da ya haura mita biyu.

Ashe ke nan fitowar tauraro rabo ne da ya faɗo a gonar wani, kuma auna malami da shi daidai yake da yaba wa manomi saboda hadari ya tsaya a kan gonarsa. Har ila yau akwai haɗari mafi girma. Mai horarwar da ya san da tauraro za a auna shi zai riƙa sayar wa yara mafarki: zai nuna musu hotunan Amurka a wayar salula, ya bar ɗan aji uku na kwaleji ya yi watsi da littafi saboda jirgin da ba zai zo ba. Shuka buri a zuciyar yaro abu ne mai kyau, amma wanda ya shuka burin da ya san da wuya ya tsira, kuma ya ɓoye wa yaron lissafin, ya ci amana ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Shi kansa labarin Ujiri, in an karanta shi da natsuwa, yana rushe wannan ma'auni. Ujiri bai taɓa buga wasa ko guda a NBA ba. A matsayin ɗan wasa, mafarkinsa bai cika ba. Da ya ajiye wasa, aikin farko da ya samu shi ne na nemo wa ƙungiyar Orlando ƴan wasa, ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa, yana kwana a gidajen abokai. Abin da ya ɗaga shi daga nan shi ne haƙuri, da idon gane ɗan Adam, da iya zama da mutane, wato abubuwan da ke saura a hannun mutum bayan ƙafa ta gaji. A 2003, tun kafin ya yi suna, shi da abokinsa Godwin Owinje suka kafa Giants of Africa domin horar da yara a nahiyar, a 2021 kuma ƙungiyar ta ɗauki alkawarin gina filaye 100. Cibiyar wasanni da otal da ya gina a Kigali, Zaria Court ya raɗa mata. A ganina babbar shaidar aikin malamin Samaru ita ce wannan: ɗalibin ya ɗauki sana'ar malaminsa ta tara yara a fili, ya kai ta inda malamin bai kai ba.

Ƙorafin iyaye

A nan wani zai ce: idan kofi ba shi ne ba, tauraro ma ba shi ne ba, to don me za mu ba da ƴaƴanmu? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma bai kamata mu malamai mu amsa shi da raini ba. Uban da ke Jiratawa yana da garkar zogale da albasa da ke jiran ban-ruwa daidai lokacin da ake horo. Uwar da ke Tibiri tana da surfe da ɗiban ruwa, kuma tana tunanin abin da maƙwabta za su ce idan suka ga budurwa tana tsalle a fili. Alhajin da ke da shago a babbar kasuwar Maraɗi yana ganin sa'a biyu a bayan kanta ta fi sa'a biyu a bayan ƙwallo. Ga kuɗin takalmi, ga tsoron karaya. Wasu kuma suna cewa muna da kokowa da langa, me ya kai mu aron wasan wasu?

Amsar gaskiya ita ce, wasan ba shi da wata albarka a karan kansa. Hannun da ya riƙe shi ne ke sa ya zama makaranta ko ya zama ɓata lokaci. A hannu nagari kuwa yana da darussan da aji ba ya iya bayarwa cikin sauƙi. Kokowa tana koya wa yaro tsayawa shi kaɗai a gaban jama'a, wannan babban darasi ne. Ƙwallon kwando ya fi kama da gayya ko langa: ƙungiya tana da daƙiƙa 24 kacal ta kai hari, mai son kansa da ya riƙe ƙwallo ya kashe ƴan'uwansa huɗu, kowa kuma ya gani. Wanda ya yi laifi biyar ya fita, ko da shi ne gwanin gari. Yaro yana koyon karɓar hukuncin alƙalin wasa da ransa bai so ba, ya miƙa wa wanda ya ci shi hannu, ya dawo gobe. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wurin da zai tara matasa a ƙarƙashin doka guda da babba mai lura da su ba ƙaramin arziki ba ne.

Sai dai waɗannan darussa ba sa zuwa da kansu. John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975, ya fara ne a matsayin malamin Ingilishi a sakandare har shekara 11, kuma an san shi da fara horon kowace shekara da koya wa manyan ƴan wasa yadda ake sa safa don kada ƙafa ta yi bororo. Mutumin da ya damu da safar yaro zai damu da makinsa na lissafi. Irin wannan mai horarwa ne zai iya zuwa zauren uba a Jiratawa ya ce: ba ni shi yammacin Laraba da na Asabar, in makinsa ya sauka ni zan fara korar sa. Wannan alkawari ne da uba zai iya aunawa cikin wata uku, ba sai ya jira Amurka ba.

Amana

Akwai wani abu da ya wajaba a faɗa ko da ba shi da daɗin ji. Mai horarwa yana da iko a kan yaro wanda ya zarce na malamin aji: shi ke zaɓen wanda zai shiga fili, shi ke tafiya da su wani gari, shi suke ganin yana riƙe da mabuɗin gobensu. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da koke-koken ƴan matan ƙungiyar ƙasa ta matasa a Mali game da cin zarafin da suka ce mai horar da su yana yi musu. Aka kama shi, hukumar FIBA ta duniya ta sa aka yi bincike. Wannan ƙungiya ta ƴan matan Mali tana cikin waɗanda suka fi kowa cin kofi a Afirka. Nasarar ba ta kare yaran ba, hasali ma tsoron rasa gurbi a ƙungiya mai nasara yana cikin abin da ke rufe bakin yaro. Saboda haka tsoron uwar Tibiri yana da tushe, kuma abin da zai kawar da shi tsari ne: horo a fili inda kowa ke gani, mace babba tare da ƴan mata a kowace tafiya, da wanda yarinya za ta kai wa kuka ba tare da ta rasa gurbinta ba.

A littafinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya jero halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da adalci da mutunci. Babu cin nasara a jerin. Kakanninmu sun san gwani, sun yi masa kirari, amma sun ware wa mutumin kirki wani matsayi na dabam, kuma shi suke ba ajiya.

Kammalawa

Idan haka ne, tiyar da nake ganin ta dace ita ce wannan: a duba yaran da ba su zama kowa ba a fagen wasa, shekara goma bayan sun bar fili. Su ne mafi yawa, su ne kuma ainihin amfanin gonar. Sun gama makaranta? Shekarunsu na gaskiya ne a takardunsu? Tela ko mai gyaran babur ko malamar asibitin da ta fito daga cikinsu, tana cika alkawari, tana iya aiki da wasu? Idan suka hango tsohon mai horar da su a hanya, tsallakowa suke yi su gaishe shi ko kauce masa suke? Na san wannan ma'auni yana da jinkiri, ba ya shiga rahoton ƙarshen shekara, kuma sau da yawa mai aikin ba ya nan ranar da za a auna. Haka aikin tarbiyya yake tun fil azal. Mai dasa gawo ba don inuwar bana yake dasawa ba.

Wannan ya ɗora mana nauyi, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu. Malaman motsa jiki da cibiyar INJS ta Yamai ke yayewa abokan aikinmu ne, bai dace mu riƙa kallon darasinsu kamar hutun rabin rana ba. Idan za a shirya gasa tsakanin Lise Ɗan Baskore da makarantun Tibiri da Jiratawa, a duba takardun haihuwa da rajistar aji kafin a duba tsawo, a sa doka cewa duk yaron da aka rubuta sai ya taka fili. Ranar raba kyaututtuka kuma, bayan an miƙa kofi ga wanda ya ci, a kira mai horarwar da ya shekara goma yana share filin siminti da tsintsiya kafin yara su iso, a yi masa godiya a gaban iyaye tun yana da rai. Yaba kyauta tukuici ne, kuma yaran da ke zaune suna kallo za su gane daga nan irin aikin da garinsu ke girmamawa.